Rabo da Rubutun Ci

To bismillah, Mero. Gyara zama ki rubuta yadda ya fito daga bakina, kar ki mayar mini da shi Hausar rediyo.

A nan Ketare an yi wani mutum ana ce da shi Rabo. Manomi ne, ba mai kuɗi ba, ba kuma matsiyaci ba. Yana da rumbun dawa da na gero, da 'yar gonar gyaɗa a jigawa, da jaki guda mai taurin kai irin nasa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idonsa ɗaya kullum a ɗan kanne kamar mai duba hatsi a kasuwa. In ka ce masa ina kwana, sai ya dube ka tukuna, ya ga da wace manufa kake tambayar kwanansa. Samari suka sa masa suna Sai-na-gani, amma ba a gabansa suke faɗa ba.

Ba da wanga hali aka haife shi ba. Yana da wa, sunansa Almu, uwa ɗaya uba ɗaya. Suna samari suka tafi biki Sheme, Almu ya ci tuwo a gidan wasu mutane da ake 'yar tsama da su kan iyakar gona. Ba a jima da dawowa ba, rannan ana tsakiyar noma, Almu ya ajiye fartanya a kan kunya, ya miƙi kudu, ko waiwaye bai yi ba. Har yau. Tsofaffi suka ce kurciya ce, wato asirin da ake ba mutum a abinci ƙafarsa ta ƙi zama a garinsu. Ko ita ce ko ba ita ba, Allah ya sani. Shi dai Rabo daga ranar bai ƙara sa abincin wani gida a bakinsa ba. Ko goron suna aka ba shi, aljihu yake sawa, ya kai gida ya ajiye a kan katanga har ya bushe.

Ya auri Fatsuma, suka haifi ɗiya mata, mazan kuwa duk suka koma tun suna goye, sai na ƙarshe, Bilya, shi ya tsaya. To kin ga mutumin da wansa ya ɓace, ga ɗa namiji guda tal. Abin da yake tsoro a duniya ɗaya ne: kar a wayi gari yaron ga shi ma ya miƙi hanya.

Sai ga zamanin kuɗin fetur. Kwano ya fara walƙiya a kan ɗakuna. Duk wanda ya je Kaduna leburanci sai ya dawo da rediyo a rataye da agogon da bai iya dubawa ba. Takin zamani ya zo a buhuna, har roƙon mutane ake su ɗauka. Rabo bai ɗauka ba. Ya ce abin da gwamnati ke roƙonka ka karɓa, akwai ƙugiya a cikinsa. Sai da ya ga dawar maƙwabta ba ta kashe kowa ba, sannan ya aika aka ɗauko masa buhu guda.

Bayan taki sai makarantar boko, aka ce kyauta ce, kuma dole ce. Mai unguwa ya bi gida-gida yana zaƙulo yara. Rabo ya sa Bilya cikin rumbun gero ya rufe, ƙaiƙayi ya sa yaron tari, asiri ya tonu. Haka aka tafi da shi yana da shekara takwas ko kusa.

Aji ɗaya yara kamar fara. Malamin kuma yaro ne ɗanye da aka yi wa horon gaggawa aka turo. Ba mugu ba ne, yawa ne ya fi ƙarfinsa, sai ya bar wa tsumagiya rabin aikin. Shi kuwa Bilya ba daƙiƙi ba ne. Duk akuyar unguwa ya san ta da kukanta. A makarantar allo in aka biya masa sau biyu ya riƙe, amma da kunne ya riƙe, in aka ce nuna da yatsa sai ya daburce. Da ya je boko abin ya fi muni. Ya ce wa uwarsa baƙaƙen ba su tsayawa wuri ɗaya, juya masa baya suke. Ke kin san su, waɗannan biyun, sanda da ƙullutu a gindinta, ɗaya tumbinsa gaba ɗaya baya. Su ne suka zame masa ƙaya.

Rannan malamin ya rubuta a allo, Baba ya noma dawa. Ya ce Bilya tashi ka karanta. Yaro ya tashi, ya zuba ido, ya ce, “Dada ya noma bawa.” Aji ya kwashe da dariya. Kin san a nan Dada tsohuwa ake ce wa. Kafin la'asar magana ta zagaye gari, yara na binsa suna ɗan Dada, ɗan Dada. Ranar kasuwa Rabo ya tsaya sayen nama, Lawwali mahauci ya ɗago kai ya ce, “Sannu da zuwa Dada. Ya gonar bayi, an yi huɗa?”

Rabo ya ce, “Yanka mini na hannun dama, wanda ba ka taɓa ba.” Ya karɓi namansa ya wuce.

A ransa da farko har daɗi ya ji. Ya ce boko ya tauna yaron ya ji ƙashi, zai tofar mini da abina. Amma abin bai tsaya nan ba. Bilya ya daina magana. Ya rame. Da safe sai ya fita kamar ya tafi makaranta, ya shige cikin karan dawa ya zauna har a tashi. In an kira sunansa sai ya zabura ya kare kai da hannu. Rabo ya zargi malamin, ya zargi bakin mutane, ya zargi rijiyar makarantar. Ya je wurin liman, Malam Audi, aka rubuta ayoyi a allo aka wanke aka ba yaro ya sha. Ya sha har cikinsa na ƙugi. Baƙaƙen ba su daina juyawa ba.

To akwai maƙwabciyarsu, danga ce kawai tsakani, sunanta Barakatu. 'Yar nan garin ce, amma aure ya kai ta wajen Sabuwa ta daɗe, sai da mijin ya rasu ta dawo gidan ubanta tana jinyar tsohuwarta da ba ta gani. Ba ta taɓa haihuwa ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ana kuma raɗe-raɗin ta iya boko, don mijinta yana cikin masu koyar da manya zamanin yaƙi da jahilci. Mace, bazawara, ba ɗa, ta zauna can bakin dazuka, ga boko. Wajen Rabo ko ɗaya daga ciki ya isa a sa mata ido.

Fatsuma takan aiki Bilya sayen mai a gidan. Da farko yana zuwa ya dawo. Daga baya sai ya riƙa daɗewa. Rabo ya fara lura da wasu abubuwa. Yaro ya soma dariya shi kaɗai. Yana tafe yana motsa baki. Yatsunsa kullum da maiƙo. In an kawo tuwon dare sai ya ɗan taɓa ya ce ya ƙoshi. Abin da ya fi tsaya wa Rabo a wuya shi ne bakin yaron ya koma Inna Baraka ta ce, Inna Baraka ta ce.

Ya ce wa matarsa, “Ke, mi yaron ga ke ci a gidan can?”

Ta ce, “Mi ake ci a gidan mai ƙuli, Malam, in ba ƙuli ba?”

“Kyauta?”

“Yana taya ta murzawa.”

“Duk yaran garin ga ba mai hannu sai nawa?”

Ta ce, “Ka ga dai ya fara ƙiba.”

Ya ce, “Rago ma ƙiba yake kafin Sallah.”

Da Bilya ya cire riga zai yi wanka, Rabo ya laluba aljihun. Ya ciro ƙuli guda. Shi dai ya san ƙuli mai zobe, ya san mai sanda, ya san dunƙulalle. Wannan kuwa sanda ce da zobe manne a gindinta, an yi shi da gangan, an gyara shi tsaf. Ya juya shi, ya shinshina, ya naɗe a tsumma.

Washegari bayan azahar ya ce ya tafi gona, ya zagaya ta bayan gida, ya tsuguna jikin danga inda kara ya ɗan buɗe. Ga Barakatu zaune gaban kasko, ga tunkuza, wato dunƙulen gyaɗar da aka matse mai, ta raba shi kashi biyu. Ga Bilya a gefenta. Yana kallo ta kwance wani ƙullin tsumma, ta ɗebo jan gari da yatsu uku, ta barbaɗa a kashi ɗaya. Ta kwance wani ƙullin ta cuɗa a ɗayan. Barbaɗe ke nan, da rana tsaka, a gaban idonsa.

Yaron da kansa ya murza, ya lanƙwasa, ta soya. Da suka huce ta ce, “Rufe ido.” Ya rufe. Ta sa masa ɗaya a tafin hannu. Ya shafa, ya shafa, ya faɗi wani abu a hankali. Ta ce, “Sake shafawa, ina tumbin yake?” Ya sake, ya faɗa. Ta ce, “To ci.” Ya jefa a baki yana murmushi, idonsa a rufe.

Rabo bai san lokacin da ya isa zauren Malam Audi ba. Ya kwance tsumma ya ajiye a kan buzu.

“Allah gafarta Malam, duba mini wanga.”

Malam ya ɗauka ya kai kusa da ido. “Ƙuli ne, Rabo.”

“Na san ƙuli ne. Mi aka rubuta?”

Malam ya juya shi. “Ta nan ya so ya yi kama da ɗa mai hannu, cikin baƙaƙenmu na allo. Amma ba shi ba ne. In na juya shi haka kuma ludayi ne.”

“Malam, ba wasa na zo ba. Rubutun sha mun san shi, mun san maganar wa ke ciki. Wannan rubutun ci ne. Maganar wa ake ɗura wa ɗana?”

Malam Audi ya daina murmushi. Ya ce, “Gaskiya ban san boko ba, ba kuwa zan ce maka asiri ne ban gani ba, ba zan ce maka ba shi ba ne. Amma masu barbaɗe da na sani ba su sa wanda za a ba ya murza da hannunsa. Matar ga tana da baki. Je ka tambaye ta. In kuma ba ka so, bar mini shi nan, ban ci komi ba tun safe.”

Rabo ya fizge abinsa ya naɗe. A hanya har ya fara tunanin ko shi ma Malam an kai masa nasa kason.

Yana shiga gida ya yanke hukunci. Bilya ba shi ba gidan Barakatu. Makaranta ma ya gama. Ran kasuwar Kankara zai haɗa shi da ɗan'uwan uwarsa mai kiwo a wajen Faskari, ya bi shanu, nesa da mai ƙuli, nesa da alli.

Fatsuma tana tankaɗe ba ta ɗago ba. Ta ce, “Malam, in yi magana?”

“Da ma kin fara.”

“Ni na kai shi. Na gaji da ganin ɗana cikin karan dawa kamar ɓera. Kai kana tsoron a yi masa kurciya ya bar gida. To yanzu wa zai fitar da shi daga gidan? Ita ko kai?”

Rabo ya miƙe. Ya fita ya zauna gindin rumbu. Can ya tashi ya nufi ƙofar Barakatu, ya yi sallama daga zaure, ya ce a ce mata maƙwabcinta ne.

Ta fito da lulluɓi, hannunta riƙe da faifai cike da ƙulin. Ta ajiye tsakaninsu ta tsuguna.

“Sannu da zuwa, Malam Rabo. Ɗazu na so in miƙo maka tabarma ta kan danga, na ga tsugunnon ya yi tsawo.”

Bai kula ba. Ya ce, “Baiwar Allah, mi kika barbaɗa?”

“Barkono a ɗaya. Dakakken dabino a ɗaya.”

“Don mi?”

Ta ɗauki biyu ta jera. “Wannan mai tumbi a dama, da shi ake fara barkono, shi na sa wa barkono. Wannan mai tumbi a hagu, da shi ake fara dabino. Idon yaron ne ke ruɗa su. Hannunsa ba ya ruɗewa, harshensa ma haka. In ya murza da kansa, ya shafa, ya ji yajin, to ya zauna. Ni ma haka suka yi mini. Maigidana ya yi ta fama da ni a allo har ya haƙura. Ina murza tunkuza rannan na ga abin ya fito a hannuna.”

“Mi rubutun ke cewa?”

“Ba ya cewa komi sai an jera shi.”

“Rubutun da ba ya cewa komi.” Rabo ya kanne ido. “Mi za ki samu?”

Ta ce, “Na ishe shi bayan ɗakina yana kuka yana tonon ƙasa da yatsa, yana son ya zana abin ya ƙi. Ban iya wucewa ba. In kana nufin ko ina son ɗa, Malam Rabo, ina so, tun kafin a haife shi nake so. Amma ban taɓa son na sata ba.”

Ya ce, “Ci.”

Ta ɗauki ɗaya ta ci.

Ya ce, “Mai haɗa dafi ba ya rasa makari.”

Ta ce, “To ban san abin da zan yi maka ba kuma.”

Nan Rabo ya yi abin da har yau tsofaffin garin ga ke faɗa. Ya jawo faifan gabansa, ya yi bismillah, ya fara ci. Mutumin da tun ɓatan wansa ko ruwan wani gida bai kurɓa ba. Lissafinsa shi ne, in akwai kurciya a ciki, to ta kama shi shi, ta bar masa yaro, ya ga kuma da idonsa. Ya ci mai dabino, ya ci mai barkono. Barakatu ba ta da sauƙin hannu wajen yaji. Hawaye na zuba, hanci na zuba, yana tauna yana kallonta. Ta ce a kawo ruwa, ya ɗaga hannu ya ce a'a. Sai da ya share faifan tas, ya tashi ya koma gida.

Ya ce wa Fatsuma ta ɓoye takalmansa da sandarsa. Ya ce in ta ga ya miƙi hanya ba sallama, ta yi kururuwa a kama shi, ko da zai yi zagi. Maganar Faskari ya ce a dakata. Sai ya zauna gadin ƙafafunsa. In ya ji ɗan yatsa ya motsa sai ya zuba masa ido. Rannan ya ji yana marmarin zuwa kasuwar Kankara, abin da yake yi duk mako tun yana saurayi, sai ya ce to ga ta nan ta fara, ya ƙi zuwa. Mota ta wuce ya ji ƙararta ta yi masa daɗi, ya shiga ɗaki ya ja tabarmar ƙofa. Lawwali mahauci ya leƙo ya ce, “An ce ka ci boko faifai guda. To karanta mana jikin buhun takin can.” Rabo ya ce masa ya fita.

Wata ya kusa zagayowa, ba inda ya je sai gona da masallaci. Fatsuma ta fito masa da takalma ta ce, “To?”

Ya ce, “Wataƙila da sunan yaron aka haɗa, shi ya sa bai kama ni ba.”

Duk wannan lokaci Bilya na gida, ba boko ba gidan maƙwabciya. Amma Rabo ya lura yaron bai bari ba. In an aike shi ɗebo ruwa sai a ishe shi bakin rijiya yana murza laka. Ranar da abin ya kai Rabo bango, suna cin tuwo da magariba, ya ga yaro ya gutsuri loma, maimakon ya kai miya sai ya mulmula ta, ya ja mata sanda, ya ajiye a gefen akushi yana kallo.

Rabo ya ce, “Mi ke nan?”

Yaro ya tsorata. Ya ce a hankali, “Naka ne, Baba. Da shi ake fara Baba. Mai barkono.”

“Ba Dada ba?”

“A'a. Na Dada tumbinsa na can.” Ya nuna da yatsa, bai yi kuskure ba, bai kuma kare kansa da hannu ba.

Rabo ya ga abin ya riga ya shiga, ko ya kai shi bayan shanu da shi zai tafi. Saura ya san ko gaskiya karatu ne, ko kuwa haddar aku ce aka shirya don a rufe masa baki.

Washegari da hantsi ya sa aka kira Barakatu zaurensa da tunkuzarta. Ya tura Bilya can bayan rumbu, ya sa uwarsa ta toshe masa kunne. Ya ce, “Zan faɗa miki magana, ki murza ta. In kin gama ki koma bayan danga, ki ba mu baya. Ba tari, ba gyaran murya.”

Ta ce, “Faɗi.”

Ya yi tunanin abin da ba wanda zai yi tsammani. Ya rage murya ya ce, “Ƙadangare ya hau jaki.”

Ta dube shi. “Duk maganar duniya?”

“Murza dai.”

Ta murza ta jera a faifai, ta fita. Aka kawo yaro. Ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, gumi na tsattsafo masa. Ya ce, “Baba, in taɓa?” Rabo ya ce taɓa. Ya bi su ɗaya ɗaya da yatsa yana haɗawa, yana tuntuɓe, yana komawa baya. Ya ce ƙaba, ya tsaya, ya shafa, ya motsa harshe kamar mai ɗanɗano, ya ce, “Ƙada. Ƙadangare.” Sauran ya ja su da ƙyar har ya kai jaki. Sai ya ɗago yana dariya. “Baba, wane ƙadangare ne ya hau jakinmu?”

Fatsuma ta rufe baki da gefen zane. Rabo kuwa bai yi dariya ba. Tsoro ne ma ya ƙaru masa. Magana ta fita bakinsa, ta kwanta a faifai, ta tashi ta shiga bakin yaro, ba ta bi ta kunne ba. Ya ce a ransa abin da ya iya wannan, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a bar shi a bayan danga.

Ya kira Barakatu ya ce, “Daga yau a nan za a yi, a zauren ga, ina gani. Gyaɗata, barkonona, dabinon ni zan sayo. Fatsuma ce za ta soya. Kowane kasko ni zan fara ci.”

Ta ce, “Na yarda. Ni ma da nawa sharaɗin. Zai koma makaranta da safe, don ni baƙaƙe na sani da ɗan haɗi, lissafi da sauran sai can. Kuma akwai wasu yaran da ke ɓuya cikin kara kamar shi, har da 'yar Lawwali mahauci. Za su taho nan.”

“'Yar Lawwali?” in ji Rabo. “Ta taho. Uban ya kawo ta da kansa.”

“Sannan ka daina kanne musu ido, Malam Rabo, tsoronka suke.”

Ya ce, “Haka idon yake.”

Haka zauren Rabo ya koma makarantar la'asar, shekara da shekaru. Yara na murza, mata na suya a ciki, shi yana bakin ƙofa yana gyaran igiya ko ƙotar fartanya, yana ɗanɗana kowane kasko da fuskar mai shan magani. Bai koyi ko baƙi ɗaya ba, sai dai in an ba shi mai yaji yakan ce wannan nawa ne. Wasu yaran sun kama, wasu ba su kama ba. Bilya har ya girma karatunsa a hankali yake yi, yatsa na bin layi, amma yana kaiwa.

Da ya gama firamare sunansa ya fito, aka ce ya tafi makarantar kwana can wajen Funtua. Rabo ya kwana biyu ba ya cin abinci. Mai unguwa bai tilasta ba, lokacin kuɗin fetur sun fara janyewa, ba mai bin gida-gida. Magana tana hannun Rabo. Ya dubi yaron, yaron bai roƙe shi ba, ya dai tsaya yana kallon ƙasa. Rabo ya tashi ya ɗaura akwatin a kan jaki da kansa, ya raka shi har inda ake hawa mota, ya tsaya sai da ta ɓace.

Da ya dawo ya ishe Barakatu a ƙofar gidanta. Ya ce, “Kin ga abin da na faɗa tun farko. Ya tafi.”

Ta ce, “An ce suna da hutu, Malam Rabo.”

Ya ce, “An ce.”

Tun daga ranar, duk la'asar in yara sun watse, sai ya ɗauki buzunsa ya koma bakin hanya gindin wata tsamiya. In an tambaye shi sai ya ce iska yake sha. Rannan mota ta tsaya, Bilya ya sauko da akwati a ka, ya ƙara tsawo, wuyansa ya yi siriri. Ya zo ya durƙusa ya gaida uban. Rabo ya tashi tsaye. Ya kama kafaɗarsa ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya duba ƙafafunsa.

Ya ce, “Kai ka taho da kanka, ko koro ka suka yi?”

“Hutu ne, Baba.”

“In ya ƙare fa?”

“In koma. In an sake yi in dawo.”

Rabo ya karɓi akwatin ya ɗora a kansa, ya ce, “Wuce gaba, ina bayanka.”

Tsaya nan, Mero. Miƙo mini butar can, rana ta yi.